Tsohon da ya mutu yana jirana

Yau ba maganar kuɗin makaranta ko neman ɗaki ce ta kawo ni ba. Tun ranar da na saka hoton wani soja ya kifa kwali a kansa yana rarrafe, mutum huɗu suka tare ni da tambaya: wane gem ne wannan, kuma daga ina ake fara shi? Bari in amsa a nan gaba ɗaya. Rubutun da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye sai dare.

Ni dai tasowata gem ɗaya na sani, ƙwallo. Winning Eleven a gidan gem na unguwarmu, wanda aka ci ya miƙa fad ya koma benci. Daga baya aka koma PES. Duk wani gem mai labari ina ganinsa ɓata lokaci ne na 'ya'yan masu kuɗi. Da wannan ra'ayin na zo Ibadan yin mastas.

Wanda ya yi karatu a Kudu ya san yadda watannin farko suke. Da rana lakca da laburare, da yamma ka koma ɗaki ka rufe ƙofa. Idan kewar gida ta dame ka, ka hau mota zuwa Sabo ka ci tuwo ka ji Hausa a kunnenka, ka dawo. Maƙwabcina a gidan da nake haya Bayarabe ne, yana mastas a fannin kwamfuta, yana da PS4 ta hannu da wani ƙaramin janareto. Wata uku muna gaisuwar tsakar gida kawai, shi ya ce "Malam", ni in ce "Oga". Wani dare aka ɗauke wuta, na shiga ɗakinsa saka caji, na tarar da shi ya yi shiru gaban talabijin, wani mutum a allo yana kwance cikin ciyawa ba ya motsi. Na zauna minti biyar, mutumin bai tashi ba. Na ce, Oga, gem ɗin ya tsaya ne? Ya ce a'a, jira yake mai gadi ya juya baya.

Wannan shi ne Metal Gear. Wani Bajafane, Hideo Kojima, ya ƙirƙire shi a kamfanin Konami, na farkon ya fito a 1987 a kan wata tsohuwar kwamfuta da ake kira MSX2. Kwamfutar ba ta iya nuna sojoji da harsasai masu yawa a lokaci guda, sai ya juya abin: maimakon ka shiga ka buɗe wuta, ka lallaɓa ka wuce ba tare da an gan ka ba. Wato rashin ƙarfin na'ura ne ya haifi salon. Idan mai gadi ya hango ka, alamar motsin rai ta fito a saman kansa da wata ƙara mai tsinka zuciya, sai duk sansanin ya taso maka. Har yau in na ji ƙarar nan a wayar wani sai gabana ya faɗi.

Kuskurena shi ne na fara da abin da na tarar. Faifan da maƙwabcina yake da shi The Phantom Pain ne, na 2015, wanda shi ne na ƙarshe da Kojima ya yi kafin ya bar Konami. Na shiga gidan mutane ta ƙofar baya ke nan. Ka farka a wani asibiti a tsibirin Saifurus bayan suma ta shekara tara, hannu ɗaya babu, ga wani mutum yana ci da wuta yana bin ka, ga wani yaro yana shawagi a sama, can kuma kifi ƙato mai wuta ya haɗiye jirgi mai saukar ungulu. Na ajiye fad na ce, Oga, wanda ya yi wannan abin lafiyarsa ƙalau kuwa? Kowa a gem ɗin yana magana kamar na san shi tun da. Ana ambaton Zero, ana ambaton The Boss, ana jimamin wani sansani da aka rusa a teku, ni ko oho. Kamar ka shiga Labarina a zango na biyar ka ga ana kuka, kai ba ka san wa ya mutu ba.

Amma bugun kansa, wallahi ban taɓa ganin irinsa ba. An ajiye ka a Afganistan a 1984, lokacin da sojojin Tarayyar Sobiyat ke can, da doki da tabarau mai hango nesa, an ce ga sansani, ka san yadda za ka yi. Ka hau tudu ka ƙirga masu gadi. Ka jira dare. In guguwar rairayi ta taso, ka shige cikinta. Ka sumar da soja ka ɗaura masa balan-balan ya tashi sama ya tafi sansaninka ya zama ma'aikacinka. Har tumaki na riƙa aikawa, ban san me zan yi da su ba, jinin gida ne kawai.

Akwai abu ɗaya a ciki da ya taɓa ni. In ka shaƙe soja kana son ya gaya maka inda fursuna yake, zai yi ta magana da Rashanci, kai ba ka jin komai, sai ka samo tafinta ka kai shi sansaninka. Da aka koma iyakar Angola da Zayar, sai a sake neman mai jin Kikongo da mai jin Afirkans. Na tuna kaina a kasuwar Bodija a makon farko, mai tumatur tana ta yi mini bayani da Yarbanci, ina ta gyaɗa kai, na biya kuɗin da ban san ko na kwano ɗaya ne ko na biyu ba. Ranar na gaya wa maƙwabcina shi ne tafintana. Daga nan ya fara koya mini ƙirga da Yarbanci, ni kuma ina koya masa gaisuwar Hausa, har ya daina ce mini "Malam" ya koma kiran sunana.

Bayan kamar mako uku na gaji da rashin fahimta. Na zauna na bi diddigi, na gano inda matsalar take. Ashe Snake ba mutum ɗaya ba ne. Akwai uba, Big Boss, akwai Solid Snake da aka samar daga ƙwayar halittarsa, kuma tsarin da gem ɗin suka fito daban yake da tsarin da labarin ya faru. Metal Gear Solid na 1998 da na biyu na 2001 da na huɗu na 2008 labarin ɗan ne. Na uku kuwa, Snake Eater na 2004, ya koma baya can 1964 ya ɗauko uban yana matashi, sannan Peace Walker na 2010 ya ci gaba da shi a 1974, sai Ground Zeroes a 1975, sai wanda na fara da shi. Ni ke nan na tsinci labarin uban a babi na ƙarshe.

Muka haɗa kuɗi ni da shi muka sayi Master Collection na farko, wanda ya fito a 2023, mai ɗauke da na ɗaya da na biyu da na uku har da tsofaffin na MSX2. Kada ku tambaye ni nawa na bayar, kuɗin da na ware ne na buga takardun tambayoyin bincikena. Data ma ta sha wuya.

Masana abin sun rabu biyu. Wasu sun ce ka bi yadda suka fito, ka fara da na 1998, domin Kojima yana rubuta kowane sabo ne da zaton ka buga na baya, kuma akwai barkwanci da bazata da ba za su kama ka ba sai ka bi haka. Gaskiya suna da hujja. Na 1998 ɗin gajere ne, kuma yana da wayo irin wanda ba a ƙara yi. Akwai inda ake ce maka lambar rediyon da za ka kira Meryl tana bayan kwalin faifan, ka yi ta nema a cikin gem, ashe kwalin gaske ake nufi, wanda ke ajiye a ɗakinka. Akwai Psycho Mantis da ke karanta memorinka ya faɗi wasu gem ɗin Konami da ka buga, yana kauce wa duk harbinka, sai ka zare fad daga rami na ɗaya ka soka a na biyu sannan ya daina ganin zuciyarka. Amma fa hotonsa ya tsufa, fuskoki babu ido babu baki sosai, kyamara daga sama, kuma juya mutumin sai an yi haƙuri. Wanda ya saba da FIFA ta yanzu zai iya ajiyewa a rabin awa.

Ni ra'ayina, ga mu da ba mu taso da shi ba, kuma lokacinmu ƙididdigagge ne, a fara da Snake Eater. Ba ya buƙatar ka san kowa. Shekara biyu bayan rikicin makamai masu linzami na Kyuba, an jefa wani soja Ba'amurke cikin dajin Tarayyar Sobiyat ya ɗauko wani masanin kimiyya, Sokolov, sai malamarsa da ta rene shi a aikin soja, The Boss, ta sauya sheƙa a gabansa, aka dawo aka ce shi zai koma ya kashe ta. Shi ke nan ka kama zaren. Duk wanda ya taɓa samun malamin da yake jin nauyinsa kamar uba zai gane abin da ke cin mutumin nan. Ba zan faɗi ƙarshen ba. Maƙwabcina dai ya ce ido ne ke masa ƙaiƙayi. An sake gina shi da sabon hoto a 2025 da sunan Delta, ga mai PS5 ko kwamfuta mai ƙarfi, mu dai tsohon muka buga kuma ya ishe mu.

A nan ne na koyi bugun da gaske, don a Phantom Pain in aka gan ni sai in buɗe wuta in hau doki in gudu. A daji babu wannan. Kana sauya kaya da fentin fuska su dace da ciyawa ko laka ko jikin bishiya, akwai lamba a gefen allo da ke nuna yadda ka saje. In an harbe ka, kai za ka ciro harsashin da wuƙa ka ɗinke ka ɗaure. Abinci kuma farauta za ka yi, maciji, kwaɗo, ɓera, abubuwan da ko a mafarki ba zan kai baki ba. In ka bar yunwa ta kama shi, hannunsa ya riƙa rawa, cikinsa ya yi ƙugi har mai gadi ya ji. Wannan kam ɗalibin da ya ga ƙarshen wata a ƙasar mutane ba sai an yi masa bayani ba. Shawarata ɗaya: riƙe bindigar sa barci, ka rage kisa. Akwai wani kogi a gaba da duk wanda ka kashe zai fito ya tare ka, ɗaya bayan ɗaya. Ni na daɗe ina tafiya a cikin ruwan nan.

Wanda ba shi da PS4 kuma, Peace Walker na PSP ne, kuma da yawanku kuna da PPSSPP a waya don ƙwallo. An yanka shi gajeru-gajeru, ya dace da zaman jiran lakca. Sai dai a buga shi bayan Snake Eater. Na biyu ku bar shi sai kun gama na ɗaya, shi ne wanda tun 2001 yake maganar yadda labaran ƙarya da shirme za su cika intanet, ka rantse Facebook ɗinmu ya gani. Na huɗu a PS3 ya fito, ba mu da ita, kuma bidiyon ƙarshensa kaɗai ya fi awa ɗaya, don haka mai janareto ya lissafa mansa.

Yanzu ga abin da ban so faɗa ba. Gem ɗin nan ya kusa cin mini zango. Na shiga da niyyar awa ɗaya bayan isha'i, sai in ɗago kai in ga ƙarfe biyu na dare. Babi na uku na furojet ɗina ya yi wata guda a shafi na huɗu. Takardun tambayoyi ban buga ba, kun san inda kuɗin ya tafi. Ranar wata Lahadi Baba ya kira, bayan gaisuwa ya ce, "Yaya karatun, ana dai matsawa ko?" Na ce, "Ana matsawa, Baba." Ina faɗa ina kallon fad a kan katifa. Mutumin da ya sayar da buhunan masararsa ya cika mini kuɗin rajista. Washegari Farfesa ya aiko cewa an sa ranar seminata, saura kwana goma sha biyu.

Lokacin ina tsakiyar faɗa da The End. Tsoho ne tukuf, ya haura shekara ɗari, maharbi daga nesa, yana kwance wani wuri cikin daji mai faɗi, kai ba ka ganinsa shi yana ganinka. Sai ka bi sawunsa, ka kasa kunne ka ji numfashinsa, ka lura da ƙyallin gilashin bindigarsa. Dare biyu muna zagaye juna, kuma na fara gane dabararsa. A nan na yi sebin, na miƙa wa maƙwabcina fad na ce ko na roƙe shi kada ya ba ni. Ya kuwa riƙe amana fiye da yadda na so. A dare na huɗu na ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya leƙo ya ce, da Hausar da ni na koya masa, "Sai da safe."

Na ranci kuɗi wurin wani ɗan garinmu a Sabo na buga takardun. Na kwana laburare sau uku. Seminar ta zo ta wuce, an yi mini gyara mai yawa a hanyar zaɓen waɗanda zan yi wa tambayoyi, amma an ce in ci gaba.

Daren ranar na shiga ɗakin maƙwabcina da lemo biyu, na karɓi fad, na gyara zama, na ce yau ni da tsohon nan sai ɗaya ya faɗi. Gem ya buɗe. Sai ga Snake yana lallaɓawa ya iske shi kwance, ya taɓa shi, ba motsi. Ashe in ka yi sebin a tsakiyar faɗan ka bar shi ya wuce mako guda, agogon na'urar yana ƙirgawa, tsufa ne ke kashe shi. Maƙwabcina ya san da haka tun farko bai gaya mini ba, yana ta dariya har da faɗuwa daga kujera. Ni kuwa haushi ya ishe ni, dare biyu na bin sawu sun tafi a banza.

Ina da tsohon sebin daga kafin faɗan. Na ce masa kada ya goge, zan koma in yi shi da hannuna bayan na miƙa babi na huɗu. Bashin Sabo kuma saura rabi.