Jatan Lande da Fara, 'Yan Gida Ɗaya

Mu mutanen Kusugu ruwan rijiya muka sani, shi ma tarihi ya ce a da sai ranar Juma'a maciji ke bari a ɗiba. Teku kuwa ta fi kilomita 800 nesa da Daura. Amma tana shigo mana tukunya a bushe, cikin ƙullin leda: jajayen 'yan halittun nan da ake dakawa a zuba a miya, waɗanda 'yan kasuwa ke kira kirefish.

Sunan aro ne, kuma ba nasu ba ne. Ainihin mai wannan suna ɗan ruwan daɗi ne, babu shi a asalin halittun nahiyar Afirka sai a tsibirin Madagaska. Abin da ake kawo mana daga bakin teku, irin su Oron a Akwa Ibom, ƙananan jatan lande ne, akasari irin da masana ke kira Nematopalaemon hastatus.

Da mun bar maganar a nan, to sana'a ba ta bari. Mu masu rubuta manhaja, in mai shago ya ce a yi masa jerin kayansa, dole kowane abu ya samu gurbi. Kifi ne? Nama ne? Kayan miya ne, kusa da daddawa da kuka? Kwamfuta ba ta san "kusan haka" ba.

Masana ma sun sha fama. A 1758 Linnaeus ya tara ƙaguwa da jatan lande ƙarƙashin suna ɗaya, Cancer, ya jefa su cikin ƙwari marasa fiffike. Waɗanda suka biyo bayansa suka yi ta tsincewa. Akwai wasu ƙanana a ruwa marar zurfi na gaɓar teku, Mysida, da in ka gan su za ka rantse jatan lande ne. Ba su ba ne. Macensu tana da jaka a ƙarƙashin ƙirji inda take rainon ƙwai har su ƙyanƙyashe, kuma abin da ke daidaita musu tafiya a ruwa yana can a wutsiya. An taɓa haɗa su da wasu, aka sake rabawa. Shi ya sa rumbun bayanai na WoRMS da ke Ostend a Beljiyam yake burge mu: kowane suna da lambarsa, in an sauya suna, tsohon ba ya ɓata, sai dai ya nuna maka sabon. Aiki ne mai tsafta, muna ɗan jin kishi.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne binciken ƙwayoyin halitta na shekarun baya-bayan nan, wanda ya nuna ƙwari reshe ne daga cikin zuriyar su jatan lande. Wato farar da muke soyawa da yaji, muna ci muna santi, 'yar uwarsu ce. Ashe Linnaeus bai yi nisa da gaskiya ba.

Zumuncin nan har jiki yake kaiwa. Akwai furotin mai suna tropomyosin a jikin duka biyun, kuma wanda jatan lande ke tayar wa borin jini, ko kumburin leɓe da sarƙewar numfashi, fara ma tana iya yi masa haka. Uwar da ta daina sa kirefish a miya saboda ɗanta ba lalle ta yi tunanin hana shi fara ba. Me zai sa ta yi? Ɗaya daga Kudu ake kawo shi, ɗaya daga daji.

Don haka a jerin da muke ginawa muna ba kowane kaya gurbi biyu: sunan kasuwa, da danginsa. A na farko kirefish yana nan kusa da daddawa, inda mai saye zai neme shi. A na biyu yana layi ɗaya da fara, da jan gargaɗi a gefe. Mai tallar fara a ƙofar makaranta kuwa da ɗan gwangwani take awo, ba ta da jeri, ba ta da waya.