York, Garin da Kowane Baƙo Ya Lanƙwasa wa Suna

Har gobe, idan babban limamin cocin York zai sa hannu a takardar aiki, ba ya rubuta sunan gidansu. Sunansa na farko yake rubutawa, ya bi shi da Ebor. Guntun sunan da Rumawa suka san garin da shi ke nan, wato Eboracum, tun da sojojinsu suka kafa sansani a mahaɗar kogunan Ouse da Foss a shekara ta 71 Miladiyya. Su ma Rumawan a bakin 'yan ƙasa suka tsinci sunan. Galibin masana na ganin asalinsa yana nufin wurin da ke da wata bishiya mai tsawon rai, wadda ba ta kaɗe ganye ko da hunturu.

Garin yana arewacin Ingila, tafiyar kamar awa biyu daga Landan a jirgin ƙasa, kuma sanyinsa ba ya raga wa baƙo.

Bayan mulkin Rumawa ya kau, sai ƙabilun Angulo-Sakson suka mamaye yankin. Kunnensu ya ji Ebor, bakinsu ya ce eofor, aladen daji ke nan a harshensu. Bishiya ta koma dabba, gari ya zama Eoforwic. A 866 mayaƙan Viking suka ci garin da yaƙi, su kuma sunan ya yi musu nauyi a baka, suka murɗe shi ya koma Jorvik. Da yake harafin farkon da sautin "ya" suke furta shi, ai ka ga York ya fara leƙowa. Magatakardan Sarki William da suka yi ƙidayar dukiyar ƙasa a 1086 sun rubuta Euruic. Daga baya kuma aka yi ta ganin Yerk da Yourke da Yarke, domin a zamanin babu wata tsayayyiyar ƙa'idar rubutu, kowane marubuci abin da kunnensa ya ba shi yake zubawa a takarda.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su yar da tsofaffin sunayen duka ba. Gasar sukuwar dawakin da suke yi duk watan Agusta Ebor ake ce mata. Jorvik kuwa sunan gidan tarihin da aka buɗe a 1984 ne, a daidai inda aka tono gidajen Viking a titin Coppergate. Cikin abin da aka samu a ramin har da kuɗin wuri daga wajen Bahar Maliya, da jabun dirhami mai kwaikwayon na Samarƙand. Ashe masu buga kuɗin jabu sun daɗe a duniya.

Sunayen tituna ma sai da jagora. Da na ziyarci garin, wani dattijo mai sanda, cikin masu aikin sa-kai, ya gan ni ina jujjuya taswira, ya matso ya ce a nan garin duk inda na ga gate titi ne, gadon harshen Viking, ƙofar gari kuma bar ake ce mata. Bai tsaya a kwatance ba, sai da ya taka da ni har Micklegate Bar, yana tafe yana hutawa, ya nuna mini matakalar hawa ganuwa. Na bi ta sama ina kallon yadda aka gyara kowane dutse, takaicin badalar Kano ya kama ni, yadda muka bari ana yanka ta filoti-filoti muna kallo.

Sai dai ba komai nasu ya kwanta mini ba. A babban cocin, ginin da aka shafe sama da shekara 200 ana yi, masu ɗaukar hoto sun ninka masu ibada, kuma mai yawon buɗe ido sai ya sayi tikiti. Da yamma da aka zo addu'a, yawancin waɗanda suka zauna masu furfura ne.

Sunan bai tsaya a Ingila ba. A 1664 Ingilishi suka ƙwace New Amsterdam daga hannun mutanen Holan, suka sake mata suna don girmama ƙanen sarki, James, mai riƙe da sarautar York. Da Viking ba su murɗe sunan ba, da yau birnin da ya fi kowane girma a Amurka da aladen daji ake kiransa.