Ɗan Gurmu ya zama mutum uku

Wata ɗalibar nazarin harshe da ke rubuta kundinta a kan Adaranci ta tara waƙoƙi da hirarraki masu yawa a kwamfutarta, wasu daga tsofaffin kaset, wasu kuwa ita ta naɗe su a ƙauyukan Tawa. Manhajar da ke tsara mata su ta raba mawaƙi ɗaya gida uku: Dan Gourmou da rubutun Faransanci, Dan Gurmu ba lanƙwasa, sai wani baƙo wai shi ÆŠan Gurmu. Ɗanƙwairo kuwa ya koma ÆŠanÆ™wairo.

Sautin lafiyarsa ƙalau. Ciwon yana cikin ɗan tambarin bayani da ke maƙale a jikin kowane fayil na MP3, wanda ake kira ID3. Na farkonsa, na 1996, bayit 128 ne kacal a wutsiyar fayil, talatin na sunan waƙa, talatin na mawaƙi, kuma haruffan yammacin Turai kaɗai ya sani. Yana da é da ç, ba ya da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Sai a ID3v2.3 na 1999 da ID3v2.4 na 2000 haruffanmu suka sami mazauni sosai, ta hanyar UTF-16 da UTF-8. A UTF-8 kowane harafi mai lanƙwasa bayit biyu ne. Idan manhaja ta karanta su ɗai-ɗai da idon Windows-1252, sai ƙ ta fito Æ™, ɗ ta fito É—.

Wannan ɓarnar, duk da muninta a ido, ita ce mafi sauƙi, domin bayit ɗin suna nan daram, karatun ne ya karkace. Da manhaja irin su Mp3tag ko Kid3 ɗalibar ta maido da sunayen, ta adana su a ID3v2.3, wanda tsofaffin na'urori suka fi ganewa, ta kuma goge tsohon tambarin 1996 da ke ɓoye a wasu fayilolin yana musun sabon. Wadda ta fi ta muni ita ce inda aka riga aka mayar da harafin alamar tambaya. Mai ganin ?aka ba zai san ko ɗaka ba ce ko ƙaka, sai ya saurara.

Amma mafi hatsari duka ba na'ura ce ke yin sa ba. Ɗalibai da yawa, don gudun wahala, sukan zubar da lanƙwasa tun wajen bugawa, sai rubutun ya fito tsaf kamar babu laifi. Hirar da aka laƙaba wa "baki" tana iya zama ta baki, ko ta baƙi. "Kafa" da "ƙafa" sun zama ɗaya, haka "bari" da "ɓari". Abin mamaki ne a ce wanda ya kwana yana haddace tagwayen kalmomi don jarrabawar ilimin sauti shi ne zai rushe bambancinsu da yatsansa. Ga kuma rabuwar ƙa'ida tsakanin ƙasashen biyu: Nijar na rubuta ƴan, Nijeriya na rubuta 'yan, manhaja kuwa tana jera ɗaya a wani wuri, ɗaya a wani, mai neman ɗaya ba zai ga ɗayan ba. Ɗalibar ta tsaya a kan ƙa'idar Nijar a gurbin mawaƙi, ta ajiye sauran rubuce-rubucen sunan a gurbin sharhi, don bincike ya kamo su duka.

Akwai wani tarkon da ba a cika lura da shi ba. Wasu manhajojin suna ajiye gyaran da aka yi a rumbunsu na kansu, ba su rubuta shi a jikin fayil, musamman ga WAV, wanda masu naɗar hira suka fi so. Ranar da aka kwashe fayilolin zuwa kwamfutar malami, sai sunan gari da shekarun mai magana da ranar naɗa su tsaya a baya. Waƙar Ɗanƙwairo kowa zai gane ta da jin muryarsa. Muryar tsohuwar da aka naɗa a wani ƙauyen Adar kuwa, in bayaninta ya faɗi, babu mai iya cewa daga ina take, kuma ba ta sauran zama hujja a nazarin karin harshe. Shi ya sa hirarraki ke bukatar sheda uku: tambarin, da sunan fayil mai ɗauke da gari da rana cikin haruffa marasa lanƙwasa, da jadawali dabam. Mai naɗa kuma ya fara faɗin gari da rana da bakinsa kafin tambayar farko.