Bado, furen da aka manta a tabki

Yaron da ya yi lakwal a Maraɗi ko Damagaram ya san kalmar «nénuphar», domin ya gamu da ita cikin littafin Faransanci. Amma in an tambaye shi mene ne bado, sau da yawa sai ya yi tsuru-tsuru, alhali tsiro ɗaya ne, kuma yana nan shimfiɗe bisa tabkunan ƙasarsa.

Wannan mantuwa tana da tushe. A shekarun fari irin na 1973 da 1984, talakawa sun kutsa cikin tabkuna, suka tono saiwar bado, suka niƙa ƴaƴansa don su rufa wa iyali asiri. Da sauƙi ya samu, sai aka laƙaba masa sunan abincin yunwa, aka riƙa jin kunyar ambatonsa.

Ga shi kuwa ba ɗan Adam kaɗai bado yake yi wa rana ba. Farin furensa yakan buɗe da dare, ƙwari su zo masa, ya rufe kafin rana ta take. Faffaɗan ganyensa inuwa ce ga ƴaƴan kifi da kwaɗi, kuma tabarma ce ga tsuntsun nan mai dogayen yatsu da ke yawo bisa ruwa. Kirinjijiya tana cin ƴaƴansa. In rani ya ƙafar da tabki, saiwarsa takan kwanta cikin laka har damana ta tashe ta.

An sa tabkin Tabalak cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar a 2005, na Madarumfa da Gidimuni kuma a 2019. Sai dai takarda ba ta hana rairayi cike tabki, ba ta hana kacala cinye gaɓarsa. Abin da mutane ba su san darajarsa ba, ba za su tsare shi ba.

Nan ne aikin malamai da ƙungiyoyin al'adu yake. Garkar lakwal da ake cika wa furannin ƙetare tana da wurin ɗan kududdufi na siminti: laka a ƙasa, ruwa har gwiwa, rana isasshiya, da ƙananan kifaye masu cinye ƴaƴan sauro. Saiwa guda ta isa. Ɗalibin da ya yi sammako ya tarar da furen a buɗe zai koma gida da tambaya, kuma kakarsa tana da amsa.