Giɓin Inna



A gidanmu mun taso muna jiyo dariyar Inna tun daga zaure. Shekara biyu da suka wuce ta zame a bakin rijiya, haƙorinta ɗaya na gaba ya fita, na kusa da shi ya karye rabi. Ciwon ya warke, amma dariyar ba ta dawo ba. In magana ta kama, sai ta ja gefen mayafi ta kare bakinta. Ta daina zuwa biki, ta bar shan rake.

Mu 'ya'yanta muka ɗauka batun ado ne kawai, muka yi ta jan ƙafa har shekara ta zagayo. Sai da muka kai ta wurin likitan haƙori muka gane kurenmu. Ashe giɓi ba ya tsayawa yadda aka bar shi: maƙwabtansa kan karkato cikinsa, tauna ta gurɓace.

Likita ya ce za a kankare karyayyen a sa masa hular tangaran. Giɓin kuwa gada za a yi masa, wato haƙora uku a manne, na gefe biyu su hau kan maƙwabta, na tsakiya ya cike gurbi. Ke nan dole a kankare lafiyayyen da ke ɗaya gefen, kuma abin da aka kankare ba ya tofowa.

Inna ta ce, "A taɓa mai lafiya saboda wanda ya tafi?" Matar da ta dawo aikin Hajji ba ta sa haƙorin Makka ba, don wannan dalilin.

Akwai dasawa a ƙashin muƙamuƙi, wadda ba ta taɓa maƙwabta, amma ta fi ƙarfin aljihunmu. Akwai na cirewa da mayarwa, ta ce haƙorinta ba zai kwana a kofi ba. Muka ja bakinmu muka yi shiru, tunda bakin nata ne. Bayan kwana uku ta zaɓi gadar, muka yi karo-karo.

Yanzu kullum dare takan zura zaren sakace ƙarƙashin gadar, domin asuwaki ba ya kaiwa can.

Ranar Sallar bana muna shiga zaure muka jiyo ta. Muka tsaya cik, aka rasa mai yin sallama. Shekara guda ta yi tana rufe baki a gabanmu, ba wanda ya tambaye ta dalili. Allah Ya yafe mana.