Zamanin da Mai Mota Ya San Cikin Motarsa

Kawuna malamin makaranta ne, bai taɓa zama a gaban wani bakanike da sunan koyon aiki ba, amma babu noti ɗaya a jikin Fijo 504 ɗinsa da bai san mazauninsa ba. Da bashin mota na gwamnati ya saye ta a ƙarshen shekarun 1970, fara sol, sabuwa dal, kujerunta a cikin leda. A wancan lokaci ma'aikaci mai matsakaicin albashi yana iya yin haka ba tare da ya taɓa kuɗin kowa ba, kuma motar ba daga wata uwa duniya aka kawo ta ba, a nan Kakuri ta Kaduna aka harhaɗa ta.

Kamfanin Fijo na Kakuri ya fara fitar da motoci a 1975, zamanin Janar Gowon. Ba shi kaɗai ba ne: akwai Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat a Kano, Marsandi a Inugu. Amma Fijo ce ta shiga jinin mutanen Arewa. Da gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da 504 motar manyan jami'ai, sai ya zama kwamishina ita yake hawa, direban tasha ma ita yake ja, doguwarta mai layin kujeru uku, a-kori-kurarta kuma na ɗaukar buhunan masara zuwa kasuwar ƙauye. Albarkar abin a nan take. Tun da mota iri ɗaya ce ta cika titi, kayan gyaranta na ko'ina, saninta ma na ko'ina. Ƙauyen da babu likita za ka sami wanda ya san ciwon Fijo.

Ranar Asabar da hantsi Kawu kan fito da ita ƙarƙashin darbejiya, ya shimfiɗa buhu, ya buɗe bonet. Ni ne ɗan riƙon sifana. Idan ka leƙa cikin injin kana hango ƙasa ta gefe da gefe, hannu na shiga ko'ina. Silinda huɗu ne, fulogi huɗu, kafireto ɗaya a sama. Zai kwance fulogan ya jera su a kan buhu bisa tsarin da ya ciro su, ya ɗaga kowanne ya duba bakinsa. Idan ya yi baƙi ƙirin da toka, mai ya yi yawa. Idan ya yi fari fat, iska ta fi yawa. Wanda ya yi ruwan ƙasa shi ne lafiyayye. Sai ya wanke su da fetur a gwangwanin madara, ya goge da burushin waya. Daga nan ya buɗe murfin da wayoyin fulogi ke fitowa, ya goge kwantak da 'yar takardar yashi, ya gwada ratarsa da kwalin ashana. Aikin da na fi so shi ne saita kafireto. Yana riƙe da sukudireba, kansa a karkace, yana juya ɗan sukurun a hankali, injin na rawa, na rawa, har ya daidaita ya kama wani irin kuka mai laushi. Sai ya ɗago ya ce, "Ka ji ko? Ta ce ya isa." Da kunne ake aikin, kuma kunnen ba ya yi masa ƙarya.

Wata rana muna tsakanin Zariya da Funtuwa da tsakar rana, cikin zafin bazara, ta yi shaƙuwa sau biyu ta mutu. Na ce, "Kawu, mai ne ya ƙare?" Ya ce a'a, famfon mai ne ya ɗau zafi. Ya jiƙa tsumma da ruwan jarka ya naɗa a kan famfon, ya zare tiyo ya zuƙo fetur da baki ya tofar, ya ɗiga kaɗan a kafireto. Wasu manoma da ke hutawa gindin ɗorawa suka taso ba tare da an roƙe su ba, suka tura, ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, ta tashi. Haka tafiya take a lokacin. A bayan kowace Fijo akwai fambel na ajiya, da jarkar ruwa, da waya, da guntun sabulu na toshe tanki idan dutse ya huda shi. Da wuya mota ta kwana a daji.

Abubuwa sun fara juyawa daga 1986, da aka kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai 'yan Kwatano suka cika ƙasa, motocin da Turai da Amurka suka gama morewa, kowace da irin nata injin. Kafireto ya ba injekta wuri, kwantak ya ɓace, aka zo da abin da makanikai ke kira birenbokis, ƙaramar kwamfutar da ke yanke hukunci a kan mai da wuta da iska. Fijo 504 ta yi ta jurewa a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan an daina ƙera mai ƙofa huɗun a Faransa, sannan ita ma aka sallame ta.

Motar da nake hawa yanzu, idan na buɗe bonet murfin roba nake gani ya rufe komai. Kwanaki wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, motar ta ƙi jan gudu. Na kai wa wani dattijon bakanike da na sani tun ina yaro, mutumin da a da yake gane ciwon Fijo tun tana shigowa gareji. Ya saurara, ya taɓa nan ya taɓa can, ya goge hannunsa ya ce, "Alhaji, wannan sai an sa mata kwamfuta." Yadda ya faɗi maganar yana kallon ƙasa ya fi kuɗin gyaran yi mini ciwo. Wani yaro ya zo da 'yar na'ura ya jona a ƙarƙashin sitiyari, lamba ta fito, aka ce sensa ce. Ita kuwa sensa idan ta mutu ba a wanke ta, ba a ɗaure ta da waya, sai dai a je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka a nemo wata da aka ciro daga mataccen injin, a yi addu'a ta dace. Ko makulli ka yar, maƙeri ba zai yanka maka wani ya tashi motar ba, sai an haɗa shi da kwamfutarta.

Ba zan zalunci motocin yanzu ba. Fijo tana shan mai ba tausayi, kuma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ba kowa ke iya ciyar da ita ba. Da sanyin hunturu sai an ja cok an yi ta lallashi kafin ta tashi. Ba ta da jakar iska mai tare mutum idan an yi karo, kuma mun binne mutanen da, Allah ne masani, da a motar yau suke da sun fito da raunuka kawai. Duk na yarda da wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sayar wa mutum abu da kuɗinsa, sannan a kulle masa cikinsa. Ko a Amurka abin ya dami mutane: a jihar Masacusets sun kaɗa ƙuri'a a 2012, suka sake a 2020, don tilasta wa kamfanonin mota su buɗe bayanan gyara ga masu motoci da ƙananan gareji. Su da suke da dillalan kamfani a kowane gari ke nan. Mu da muke karɓar motocin bayan sun tsufa, babu littafi, babu na'ura, mu ne muka fi cancanta mu yi kuka.

Yaran da ke garejinmu a yau ba su fi na da rashin basira ba. Wanda kakansa ya iya saita injin da kunne zai iya karanta lamba a allo, idan an koya masa. Ina roƙon kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin makanikai su ɗauki wannan da gaske, su sa na'urar bincike a hannun almajiran gareji, su kuma fassara musu abin da take faɗa da Hausa, kafin canki-canka ya gama kashe motocin talakawa. Kai kuma da tsohuwar Fijon mahaifinka ke ajiye a bayan gida, tayoyi sun sace, kada ka ba 'yan gwangwan ita a kan kilo. Nemi fulogi huɗu da batir, ka kira 'ya'yanka ranar Asabar, ka buɗe musu bonet.