Daga Taura Zuwa Kabarin Murtala

Hanyar da ta taso daga Haɗejiya ta bi ta Gujungu da ƙasarmu ta Taura, ta ratsa Ringim da Gezawa, sa'an nan ta zube a 'Yankaba, bakin birnin Kano. Ko da yake tun ran 27 ga Agusta 1991 aka sa mu cikin Jihar Jigawa, a shekarar 1976 mu mutanen Jihar Kano ne. Saboda haka makokin da Kano ta yi wa ɗanta, Janar Murtala Ramat Muhammed, har da iyayenmu aka yi shi. Wannan ya sa muka bi hanyar nan a lokacin hutu, domin mu ga wuraren da ya tashi da inda aka kwantar da shi.

Mun fara da cikin Birni. An haifi Murtala ran 8 ga Nuwamba 1938, ya tashi a unguwar Kurawa, dab da gidan Sarki. Ga Gidan Makama nan kusa, inda ya yi firamare. Yanzu wani sashe na gidan wurin ajiye kayan tarihi ne. Daga nan ya shiga Midil ta Kano, wadda ake kira Kwalejin Rumfa yau, sai Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa. Ya shiga soja a 1958, aka tura shi makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, ya kuma yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango.

Ya hau mulki a ƙarshen Yuli 1975, ya yi kwana wajen 200 kawai. Cikin wannan ɗan lokaci ya mai da jihohi 12 suka zama 19, ya tsai da shawarar ƙaura daga Ikko zuwa Abuja, ya sallami ma'aikatan gwamnati fiye da 10,000. Waɗansu sun cancanci kora, waɗansu kuwa guguwa ce ta kwashe su ba tare da an saurare su ba.

Ran Jumma'a 13 ga Fabrairu 1976 da safe, yana kan hanyarsa ta zuwa ofis a barikin Dodan, motarsa ta tsaya cikin cunkoso a Ikoyi. Nan sojojin da ke tare da Laftana Kanar Dimka suka buɗe masa wuta. Shekarunsa 37. Aka ɗauko gawarsa a jirgin sama aka kawo ta gida, a zamanin Sarki Ado Bayero.

Kabarin yana nan a Hausawa, wajen Titin Gidan Zu, kusa da masallacin da ake kira da sunansa. Lalle Kano ba ta manta da ɗanta ba. Babban asibitin cikin Birni sunansa ne, haka babban titin da ya ratsa gari. A Ikko ma filin jirgin sama sunansa ne, motar da aka harbe shi a ciki kuwa tana gidan tarihi na Onikan. Hotonsa yana kan takardar naira 20 tun 1977. Ko yaron da ke tallar gyaɗa a kasuwar Gujungu ya san fuskarsa.

Amma fa, mai karatu, ba shi kaɗai ne cikin motar ba. Mai tsaron lafiyarsa, Laftana Akintunde Akinsehinwa, mutumin Ondo, mai shekara 31, nan ya mutu tare da shi. Direbansa, Saje Adamu Michika, shi ma nan ya cika. A ran nan kuma aka kashe Gwamnan Jihar Kwara, Kanar Ibrahim Taiwo. Kowannensu yana da garinsu, da mahaifa, da iyalin da suka zauna makoki. Mu malamai mun san in ka tambayi aji sunan Janar, hannuwa za su tashi. In ka tambayi sunan Laftana ko na Saje, sai ajin ya yi tsit.

Akwai kuma waɗansu matattu da sunan Murtala yake tunawa da su, gama shi ne kwamandan Runduna ta Biyu a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A watan Oktoba 1967 ya yi ta ƙoƙarin ƙetare kogin Kwara da jiragen ruwa domin ya kama Anacha, abin bai yiwu ba. Samari masu yawa suka halaka, waɗansu da harsashi, waɗansu ruwa ya ci su. Da dama cikin sojojin wancan yaƙi 'ya'yan manoma ne daga ƙauyuka irin namu, ba a kuwa kawo gawarsu gida ba. A cikin watan nan ne kuma sojojin wannan runduna suka kashe ɗaruruwan farar hula, manya da yara maza, a garin Asaba. Mutanen Asaba suna taruwa domin tunawa da nasu, kamar yadda Kano take tunawa da nata. Faɗin haka ba cin mutuncin mamaci ba ne. Ciwon ɗan wani, ai ciwon ɗanka ne, kuma yaron da aka koya wa rabin labari, in ya girma ya ji sauran daga bakin wani, zai daina gaskata malaminsa.

Har wa yau ƙasar nan tana binne samarin hafsoshi da ƙananan sojoji, tun da rikicin Arewa maso Gabas ya ɓarke a 2009. Ran 15 ga Janairu ta kowace shekara, ranar da aka gama yaƙin basasa a 1970, ita ce ranar tunawa da su. Manya sukan aje furanni a Abuja da Dutse. Mu kuwa a ƙauye muna da abin da za mu iya: kowace makaranta ta tambayi dattawan unguwa sunayen waɗanda suka tafi soja ba su komo ba, ta rubuta su tun masu sani suna da rai. Iyaye mata su leƙa gidan gwauruwar soja, su ga ko 'ya'yanta suna zuwa makaranta. Allah ya ta'azantar da dukan masu makoki, ya ba ƙasarmu zama lafiya.